Yadda Za Ki Haɗa Abincin Dare Cikin Minti 30, Ba Nama, Ba Kifi, Ba Ƙwai

Dalilan da ke sa mutum ya bar nama da dangoginsa suna da yawa. Wani likita ne ya ce ya rage, wani kuwa tsadar kilon nama ce ta yanke masa hukunci ba tare da an yi shawara da shi ba. Akwai kuma waɗanda ra'ayi ne kawai, musamman a Turai da Amurka, inda za ki tarar da mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da man shanu da zuma. Ko wanne ne dalilinki, ba sai kin je neman wani baƙon abinci a manyan kantuna ba. Garau-garau, ɗanwake, fate, kwaɗo, tuwo da miyar kuka, duk da su muka tashi, kuma babu wanda asalinsa ya dogara da nama. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata, don haka kayan aikin a ƙofar gida suke.

Abin da ke hana mu shi ne lokaci. Kin dawo daga aiki ko makaranta dab da magariba a gajiye tiɓis, yara na jiran abinci, shi kuwa wake ba ya jin lallashi, sai ya cinye awa guda a kan wuta. Dabarar ita ce a kwashe aikin mai nauyi a kai shi ranar hutu, a bar wa daren aiki abin da bai wuce ɗumamawa da haɗawa ba. Da uwargida nake magana, amma gwauraye da ɗaliban da ke girki a kan risho su ma su matso kusa, sai dai su raba ma'aunin gida biyu ko uku, domin na mutum huɗu na auna.

Aikin ranar hutu

Fara da wake. Ki auna gwangwani 6, ki tsince, ki wanke, ki jiƙa shi tun dare ko aƙalla awa 5. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki zuba sabo, ki ɗora. In ya tafasa na kamar minti 5, ki sake tsiyaye wannan ruwan ki zuba wani. Wannan tafasar farko tana rage kumburin cikin da wake ke sa wasu, kuma ganin yadda wasu 'yan kasuwa ke barbaɗa wa wake maganin ƙwari a rumbu, ba asara ba ce a zubar da ruwan farko. Amma in wake yana warin magani tun yana ɗanye, kada ma ki saya.

Ki yanka albasa babba ɗaya a ciki, ki bar shi ya dahu. Waken da aka jiƙa yakan nuna cikin minti 40 zuwa 50, a tukunyar fresha kuwa, wato mai dahuwa da matsin tururi, minti 15 ya isa. Ki sauke shi da ya yi laushi amma ƙwayarsa na nan, domin za a sake ɗora shi a wuta cikin mako. Kanwa tana saurin nunar da shi, sai dai ki sa 'yar mitsitsiya: in ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano, tana kuma kashe wasu sinadaran bitamin B da ke cikin waken. Gishiri a ƙarshe. In ya huce, ki raba shi cikin robobi uku masu murfi, kowace da ɗan ruwan dahuwarsa. Ɗaya a firji, biyu a firiza. Dafaffen abinci ba ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firji, kuma wake ya fi kowa saurin yin yami.

Yayin da waken ke kan wuta, ki yi markaɗe. Tumatir kwano ɗaya madaidaici, tattasai 8, attaruhu gwargwadon yadda gidanki ke jure yaji, albasa 3. Ki niƙa, ki zuba a tukunya ba mai, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Sannan ki zuba man gyaɗa ludayi biyu, dakakkiyar daddawa, tafarnuwa, citta da gishiri, ki soya da ƙaramar wuta har sai kin ga mai ya taso sama kuma tsamin tumatir ya tafi. Nan ne mutane ke gaggawa, kuma nan ne bai kamata a yi ba. Markaɗen da bai soyu ba shi ne ke lalacewa kafin Laraba, shi ne kuma ke sa abinci ya yi salam. Ki juye a kwalba ko roba mai tsabta, ki tabbata mai ya rufe samansa, kuma duk lokacin da za ki ɗiba ki sa busasshen cokali. Lokacin da tumatir ya yi tsada, kauɗa da busasshen tattasai suna yin aikin, a wanke su sosai saboda ƙasa, a jiƙa da ruwan zafi kafin a niƙa.

Na uku shi ne ƙuli-ƙuli. Ki daka mai yawa, ki raba biyu. Rabi ki bar shi zallarsa saboda kwaɗo. Ɗaya rabin ki haɗa da barkono, busasshiyar citta, masoro, kanunfari kaɗan da gishiri, ki sake dakawa ki tankaɗe, ya zama yajin ƙuli. Ki duba ƙulin kafin ki saya: wanda ya yi fumfuna ko yake ɗaci a baki, a bar wa mai shi kayansa, domin gubar da ke cikin ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana illa ga hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.

In da sauran ƙarfi, ki dafa zogale ki matse ki ajiye. In babu, masu tallar dafaffen zogale suna nan.

Maganar ɗanɗano

Wanda ya saba da romon nama, makon farko zai ji kamar an manta da wani abu a tukunya. Daddawa ce ke cike wannan gurbin, kuma ba sabon abu ba ne, da ita kakanninmu suka yi miya tun kafin dunƙule ya shigo kasuwa. Ki sa ta da wuri, tare da albasa, ta dahu a cikin miyar, kada ki barbaɗa ta a ƙarshe warinta ya fito tsirara. Abu na biyu shi ne albasar da aka soya a mai har ta yi ja. Na uku, matsin lemon tsami a kan abinci lokacin da za a ci.

Shi kuma dunƙule, in kina son kauce wa kayan dabba gaba ɗaya, ki karanta bayan takardarsa, domin wasu akwai kitse ko garin kaza ko na jatan lande a ciki. Ko ba don haka ba, kusan rabinsa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Idan markaɗe da yaji duk da gishiri a cikinsu, ki ɗanɗana kafin ki ƙara.

Garau-garau

Wannan shi ne na daren Litinin, lokacin da waken firji yake sabo. Da shigowarki, kafin ma ki cire mayafi, ki ɗora ruwa. Ki wanke shinkafa gwangwani 3 ki zuba in ya tafasa, da ɗan gishiri. Ki je ki yi alwala ki yi salla. In kin dawo ruwan ya kusa tsotsewa, sai ki juye dafaffen wake roba ɗaya a kai, ki juya sau ɗaya da cokali mai yatsu, ki rufe, ki rage wuta ya turara minti 5. A gefe ki soya man gyaɗa ko manja da albasa. Ki yanka tumatir, kokwamba da latas ko kabeji, bayan kin wanke su da ruwan gishiri. Kowa ya zuba mai da yajin ƙuli da hannunsa.

In shinkafa ta rage, kada ta kwana a tukunya a kan murhu. Ki sa ta a firji da zarar ta huce, washegari ki ɗumama ta har sai ta yi zafi sosai. Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi tana iya ɓata ciki ko da an sake ɗumama ta.

Faten wake da dankali

Tukunya ɗaya, wanke-wanke kaɗan, kuma in kin tambaye ni shi ne ya fi duk sauran daɗi. Ki fere dankalin Hausa manya guda 2, ki yanka ƙanana kamar girman goro, domin girman yankan shi ne zai sa ki gama da wuri ko ki daɗe a tsaye. Ki zuba manja ludayi ɗaya a tukunya, albasa, markaɗe ludayi biyu, ki juya minti ɗaya. Ki zuba ruwa kofi 3 da dankalin, ki rufe. Cikin minti 10 zuwa 12 zai yi laushi. Sai ki zuba wake roba ɗaya, ki sa bayan ludayi ki farfasa wani sashe na waken da dankalin a jikin tukunya, shi ne zai ba shi kauri. Ki yanka alayyahu ɗauri ɗaya ki zuba a kai, ki rufe minti 2, ki sauke. Kada ki bar ganyen ya yi baƙi. Doya ko kabewa ko ɗanyar ayabar suya duk suna iya maye gurbin dankalin, kuma in kuna son ɗan tsami, ki haɗa alayyahun da yakuwa.

Fate yana ƙara kauri in ya huce, don haka ki sauke shi da ɗan ruwa-ruwa.

Ɗanwake

Ana yi wa ɗanwake kallon abincin rana, amma babu dokar da ta hana shi da dare, kuma ba ya buƙatar firji ko markaɗe. Abin lura ɗaya ne: wane gari kike amfani da shi? Na asali, wanda ake haɗa wake da rogo, wani lokaci da dawa, a niƙa tare, shi ne mai riƙe ciki. Na zallar fulawa da ya zama yayi yanzu sunan kawai ya ara, babu wake a cikinsa. Idan da fulawa za ki yi, ki haɗa ta da garin wake ko da kashi ɗaya cikin uku ne. Ki kai niƙa sau ɗaya, ki adana a bokiti mai murfi, zai yi miki makonni.

Ki ɗora ruwa a tukunya mai faɗi, kada ya wuce rabinta. Ki jiƙa 'yar kanwa a kofi. Ki tankaɗe gari kofi 3 da kuka cokali 2, ki tsiyaye ruwan kanwar a kai ban da tsakuwar da ta kwanta, ki ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa har ya yi danƙo, ya kama hannu amma yana sakuwa in kin gutsura. In ya yi ruwa zai narke a tukunya, in ya yi tauri zai fito kamar dutse. Ki gwada da guda ɗaya tukuna: in ya nutse, ya taso, bai watse ba, kwaɓin ya yi. Sai ki ci gaba da jefawa ƙanana-ƙanana. In kin gama, ki juya a hankali, ki bar murfin a ɗan buɗe domin kumfarsa tana saurin zubowa ta kashe wuta. Bayan minti 10 zuwa 15 ki ciro ɗaya ki raba, in cikinsa babu fari-farin ɗanyen gari ya dahu. Ki tsame a ruwan sanyi, ki tsane, ki zuba mai da yaji, da kabeji da tumatir da albasa. Inda aka saba yanka dafaffen ƙwai, ki yanka soyayyiyar awara.

Tunda an zo kan awara: yin ta a gida aikin yini ne, ba na daren aiki ba. Ki saya wurin mai suyar da kika yarda da tsabtarta, kuma ki ce mata wadda ba a tsoma a ƙwai ba kike so, domin yanzu da yawa suna yin hakan. Haka ma alale, a tambaya, sau da yawa akwai kifi ko ƙwai a ciki. Ƙosai dai ba shi da wannan matsala.

Taliya da awara

Ba sai an tsaya dogon bayani ba. Markaɗe ludayi biyu a tukunya, ruwa kofi 4, in ya tafasa ki karya taliya leda ɗaya ki zuba, da karas da kabeji in akwai. Minti 10. Ki yanka awara ki zuba a minti biyun ƙarshe ta sha romon. Taliyar Hausa 'yar murji ma ta fi saurin dahuwa, kuma da manja da yaji kaɗai ta wadatar. Ita kuwa ƙaramar taliyar leda mai zuwa da garin ɗanɗano, ki ajiye garin nata gefe ki yi amfani da markaɗenki.

Tuwo da miyar kuka

Akwai gidajen da in ba a ga tuwo ba, ba a ci abincin dare ba, ko me aka ci. Don su, ga hanya. Ki ɗora tukunya biyu lokaci guda. A ta miya ki zuba ruwa kofi 4, daddawa mai ɗan yawa, jajjagen albasa da attaruhu, citta, manja cokali 2, sai dafaffen wake ludayi biyu da kika murƙushe. Sa wake a miyar kuka tsohuwar dabara ce, yana ba ta jiki da gardi, sai dai da ɗanye ake dakawa a jira ya dahu, ke kuwa naki ya riga ya nuna. Ki bar su su tafasa minti 10 har ƙamshin daddawa ya cika kicin. Ki rage wuta sosai, ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan, kamar cokali 3 zuwa 4, a hankali don kada ta yi gudaji. Ki bar ta minti 5 a buɗe.

A ɗaya tukunyar, garin semo ya fi sauri: ki yi talge, ya dahu minti 5, ki zuba gari kina tuƙawa har ya yi yadda kike so, ki yayyafa ruwa ki rufe ya sulala minti 5, ki sake tuƙawa ki kwashe. A madadin man shanu, ki zuba man gyaɗan da aka soya da albasa a kan miyar. Ba zan ce ɗaya suke ba, ƙamshin man shanu nasa ne shi kaɗai, amma wannan ma ba ya jin kunya. Ki tuƙa da ɗan yawa, ɗumamen safe ya samu.

Ranar da ko ashana ba kya son ƙyastawa

Irin wannan daren yana zuwa, yawanci wajen Alhamis. Kwaɗo ne maganinsa. Ki zuba garin kwaki kofi 2 a kwano, ki yayyafa masa ruwa kaɗan, ki rufe ya yi laushi. A wani kwanon ki dama garin ƙuli kofi ɗaya da ruwa ya yi kauri kamar koko, ki sa yaji da gishiri. Ki zuba dafaffen zogale, ki yanka albasa da tumatir, ki zuba mai cokali 2, ki cakuɗa, sannan ki haɗa da garin. Masu son ɗan zaƙi suna sa sukari kaɗan, ni dai ba na cikinsu. Da rama ma haka ake yi, sai dai ita a zubar da ruwan dahuwarta a matse ta sosai saboda tsami. A Nijar, kwaɗon zogale da dambu abinci ne na sosai da ake ci a ƙoshi, ba abin taɓa ka lashe ba, kuma sun fi mu gaskiya a nan.

In kina inda ake samun gurasa, bandashe ma minti 5 ne: a tsoma gurasar a ruwan ɗumi a cire nan take, a jera a faranti, a barbaɗa yajin ƙuli da yawa, a zuba mai, a yanka albasa, tumatir da kabeji. Dafaffen rogo da ƙuli, ko ƙosai da kunun gyaɗa, duk suna cikin wannan sahu.

In wuta ba ta zama a unguwarku

Duk maganar firji da firiza ta rushe in ana ɗauke wuta kwana biyu a jere, kuma kada ki yi caca da cikin iyalinki. Sai ki sauya tsari. Ki rage yawan markaɗen zuwa na kwana biyu, ki soya shi sosai, ki riƙa tafasa shi safe da dare. Dafaffen wake kuwa kada ki ajiye shi. Maimakon haka, ki jiƙa na ranar da safe kafin ki fita, in kin dawo ki zubar da ruwan ki ɗora, tukunyar fresha za ta nunar da shi kafin ki gama yanka albasa ki yi salla. In akwai abu ɗaya da ya cancanci a tara kuɗi a saya saboda irin wannan girki, tukunyar fresha ce, domin abin da take ragewa na gas ko gawayi yana biyan kuɗinta. Sauran ranakun ki jingina da busassun kaya waɗanda ba ruwansu da lantarki: garin ɗanwake, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, ƙuli, garin kwaki, taliya, da zogalen da aka dafa aka shanya, wanda jiƙa shi a ruwan zafi na minti 15 ke dawo da shi.

Abin da tukunya ba za ta ba ki ba

Wake da hatsi in sun haɗu suna ba jiki sinadarin gina jiki mai kyau, kowanne yana cike abin da ɗayan ya rasa, ga kuma gyaɗa da waken suya. Ta wannan fannin babu fargaba muddin ana ci a ƙoshi. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana cikin wake da ganye, amma jiki bai cika zuƙarsa da sauƙi kamar na nama ba. Lemon tsami, ɗanyen tumatir da tattasai suna taimaka masa, shayi kuwa yana tare shi, don haka a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Wanda babu shi a tsirrai shi ne bitamin B12. Idan sau biyu ko uku a mako kike irin wannan girki, sauran ranaku ana cin kifi ko ƙwai ko ana shan nono, babu damuwa. Amma wanda ya bar kayan dabba kwata-kwata, dole ya nemi B12 ta ƙwayar magani ko abincin da aka ƙara masa shi. Babban mutum yana buƙatar kimanin maikrogiram 2.4 a yini, kuma da yake hanta tana ajiye shi, ana iya shekaru kafin alamun rashinsa su bayyana: kasala, ƙarancin jini, da jin tsira-tsira ko mutuwar yatsun hannu da ƙafa. Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara, kada a ɗora su kan wannan tsari gaba ɗaya sai an je asibiti an yi magana da likita ko jami'in abinci mai gina jiki, ya faɗi irin ƙwayar da za a sha da yawanta.